Ka dawo daga ci-rani mashin ya ƙi tashi? Tsaya tukuna kafin ka sayi sabon batir

Duk shekara sai an yi wannan abin a garinmu. Ana gama kaka, an ɗaure dawa an kai gero rumbu, sai samari su saɓa jaka, wani Legas wani Abuja wani Fatakwal, mashin kuma a tura shi cikin shago ko ɗakin da ake ajiye hatsi a rufa masa tsohuwar tabarma, nan zai zauna tun watan 11, ya sha hunturu ya sha zafin bazara, sai wajen watan 4 ko na 5 mai shi ya dawo gyaran gona. Ya kaɗe ƙura, ya murɗa makulli, ya danna sitata, shiru kamar an aiki bawa garinsu. To daga nan sai kaji ana cewa sanyi ya kashe batir, a kira yaro a bashi kuɗi yaje ya siyo sabo.

Bara ƙanina haka yayi. Ya dawo ranar Asabar, Lahadi da sassafe ya hau bayan wani suka tafi kasuwar Gujungu ya siyo batir sabo fil a kwali, ya zo ya ɗaura, ya danna, shiru dai kamar jiya. Sai ya leƙo wajena yana cewa Yaya wallahi sun cuce ni jabu suka bani. Nace muje in gani. Muka buɗe murfin gefe, ashe ɓera ne ya gwaguye jan wayar nan da ke fitowa daga batir, ta taɓa ƙarfen mashin fis ya ƙone, fis ɗin da kuɗinsa bai kai na lemon kwalba ba. Tsohon batirin nasa kuwa da muka kai shi caji ya ɗauka, wata bakwai ya ƙara yi a jikin mashin ɗin wani abokinsa. Ni ba makanike bane, manomi ne mai mashin, amma na daɗe ina zaman garejin wani dattijo a bakin titi ina ganin yadda yake bin abin daki-daki, shine nace bari in rubuta yadda ake yi don ka fara daga abin da ba ya cin kuɗi.

Maganar sanyi tukuna. A Turai da Kanada inda ƙanƙara ke rufe hanya, dole suke ajiye mashin duk lokacin sanyi, shi yasa idan ka bincika a intanet duk maganar sanyi zaka gani. Mu nan ko a watan 12 da watan 1 da ake ƙunsar hannu a hammata ana jin ɗumi da asuba, sanyin bai kai ya daskarar da ruwan batir ba. Abin da sanyi yake yi shine yana rage wa batir ƙarfi na ɗan lokaci, baƙin mai ma yayi kauri inji yayi nauyin juyawa, to idan batir dama ya raunana sai asirinsa ya tonu. Mai kashe batir na gaske a wajenmu zama ne da zafi. Batir ko ba a haɗe yake da komai ba a hankali yake zubar da cajinsa, kuma in ana zafi ya fi saurin zubarwa, kaga ɗakin kwano a watan 3 da watan 4 lokacin da zafi ke haura 40 ai tanda ne. A cikinsa akwai gidaje 6, kowane gida da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kowanne yana bada bolt 2 da ɗan ɗori, a haɗa su bada 12 da wani abu. Idan caji ya sauka sai wani farin abu kamar gishiri ya kwanta a jikin farantan, in aka yi caji da wuri yana narkewa ya koma, in kuwa aka barshi wata da watanni sai ya daskare ya zama kamar ƙanzo a gindin tukunya, daga nan batir ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. Ga kuma ɓarayin cikin gida, rimot na ƙararrawa, cajar waya da aka jona kai tsaye, rediyon nan mai memori da samari ke ɗaurawa, fitilu masu walƙiya na kwalliya, in mai wayarin bai bi dasu ta makulli ba suna nan suna tsotsa dare da rana ko mashin a kashe yake.

To yanzu ga mashin a gabanka. Fito dashi fili inda akwai haske, ka kafe shi a sitan na tsakiya, ka murɗa makulli ka duba koriyar wutar furi, wadda ke nuna mashin baya cikin giya. Ta kawo? Danna hon kaji muryarsa. Kunna sigina ka gani ko tana ƙiftawa ko ta tsaya jajir ba motsi. Kar ka dogara da fitilar gaba, yawancin ƙananan mashinan da muke hawa irinsu Boxer da Jincheng fitilarsu daga kwayil take shan wuta, wato naɗin wayar cikin inji mai samar da wuta, sai inji na aiki take kawowa, don haka rashin kawowarta ba ya nuna komai game da batir. Kuma don Allah duba jan makunnin nan mai kashe inji na hannun dama in naka yana dashi, yara suna son wasa dashi, na taɓa ganin babban mutum ya jiƙe sharkaf da gumi yana buga kik ashe a kashe yake.

Sai ka danna sitata ka kasa kunne, idonka kuma a kan koriyar wutar. In babu wuta ko kaɗan, ba hon ba sigina ba komai, to ko batir ya sauka ƙasa warwas, ko fis, ko kan batir ya saki, ko waya ta tsinke. In wutar ta kawo amma kana dannawa kaji ƙas sau ɗaya wutar ta ɗauke, yawanci batir ne ba ƙarfi ko kuma kansa ya ci tsatsa wuta bata wucewa sosai. In kaji tatatatata kamar ana kaɗa tsinke a gwangwani, wannan rile ne, wato ɗan makunnin da ke tura wa sitata wuta, yake kamawa yana saki saboda wutar bata ishe shi ba, batir ya sauka. In yana juyawa amma da ƙyar kamar tsoho zai tashi daga tabarma, batir ne ya raunana. In kaji ƙas amma wutar furi bata ko rage haske ba, hon ma garau, to ka daina zargin batir, ka koma kan rile ko ita sitatar kanta, gawayinta na ciki yana cinyewa. In kuma babu ko ƙas ɗin alhali komai na kawowa, kama kuloci ka sake dannawa, wasu mashinan basa yarda sai a furi ko an kama kuloci. Na ƙarshe shine inji na juyawa da ƙarfinsa wur-wur-wur amma ya ƙi kamawa, wannan kam batirinka lafiyarsa ƙalau, matsalar mai ce ko fulogi, zan zo kanta. Kar kayi ta dannawa dai, daƙiƙa biyar ka saki ka huta, in ba haka ba ɗan abin da ya rage ma ka ƙarar dashi kuma sitata tayi zafi.

Buɗe murfin gefe da sukundireba. Kafin ka taɓa komai kalli batirin da kyau. In cikinsa ya kumbura kamar buhun da aka cika da yawa, ko ya tsage yana yoyo, an gama magana, kar ka kai shi caji kar ka jona shi da komai, sai sabo. In jikinsa lafiya sai ka kama wayoyin nan biyu ka girgiza, bai kamata su motsa ba ko kaɗan, hanyoyinmu na burji da ramuka suna kwance noti tun kafin a ajiye mashin. Zaka iya ganin wani farin gari ko kore-kore ya taru a kan, shine yake tare wuta. Kashe makulli ka zare shi, ka fara kwance baƙar waya mai alamar ragewa, sannan ja mai alamar tarawa, in zaka mayar kuma ja ce farko baƙa ce ƙarshe. Ba camfi bane, baƙar a haɗe take da duk ƙarfen mashin, in ka fara da ja sifanarka ta goga jikin ƙarfe zaka ga tartsatsin da bazaka manta ba. In kana da zoben azurfa a hannu cire shi.

Wanke kan kuwa ba sai ka sayi komai ba, shiga ka ce wa uwargida ta sam maka 'yar kanwa, ka jiƙa a ruwan ɗumi, ka samu tsohon buroshin haƙori ka goge, zaka ga yana kumfa yana tsuwa saboda kanwa tana kashe kaifin asid. Sai dai ka kula sosai ko ɗigo kar ya shiga cikin gidajen batir, in ya shiga zai kashe asid ɗin ciki. Ka share ya bushe, ka bi da sanfefa har sai dalmar tayi ƙyalli, bakin wayoyin ma haka, ka ɗaure tam, sannan ka shafa ɗan basilin ko giris a sama bayan ka ɗaure, ba kafin ba. Bi baƙar wayar har inda ta kama jikin mashin, makanikai na ce mata at, nan ma tsatsa na ɓuya kuma ba kowa ke tunawa da wajen ba.

Fis yana nan kusa a jikin jan waya cikin 'yar robar nan, wani na kwalba ne wani mai ƙafa biyu. Ɗaga shi a rana, in siririn zaren ciki ya tsinke ya ƙone kenan. Lambarsa na jikinsa, yawanci 10 ne ko 15, ka sa irinsa daidai. Abin da nake gani ana yi na naɗa takardar sigari mai ƙyalli ko a cusa waya a madadinsa, wallahi ganganci ne, fis ya ƙone ne don wayarin mashin ɗinka kar ya ƙone, kuma duk wannan a ƙarƙashin tankin mai ake yi. In ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take to akwai inda waya ta fige tana taɓa ƙarfe, cire kujera ka bi wayoyin da ido, musamman in a ɗakin hatsi ya zauna, zaka ga kashin ɓera da ɓawon gyaɗa, wani lokacin har sheƙa sun yi cikin akwatin iska. Ka naɗe inda suka ci da tef.

In har yanzu ba labari sai a auna. Mitar awon wuta, 'yar rawayar nan, duk mai gyaran waya ko mai haɗa sola a ƙauye yana da ita, ara kawai zakayi. Murɗa ta zuwa 20 a ɓangaren da aka sa V da miƙaƙƙen layi, jan tsinke a kan ja, baƙi a kan baƙi, makulli a kashe. In ta nuna 12.6 zuwa 12.8 a cike yake. 12.4 ya ɗan sauka amma zai tada mashin. 12.2 rabi kenan. 12 cif ko ƙasa da haka ya kusa ƙarewa, mutane na ruɗewa a nan su ce ai batir mai 12 ne kuma gashi ya nuna 12, a'a, 12 cif batir ne mai jin yunwa. In kaga wajen 10.5 kuma bayan an yi caji ya sake komawa nan, to gida ɗaya ya mutu a cikin shidan, ba gyara. Amma awon da ya fi faɗin gaskiya shine wanda ake yi lokacin da batir ke ɗauke da kaya, ka bar tsinkayen a kai wani ya danna maka sitata, lafiyayyen batir zai sauko wajen 10 ko 11 ya tsaya, in ya faɗo ƙasa da 9.5, balle kaga 6 ko 5, to ko da ya nuna maka 12.6 ɗazu ƙarya yake, fanko ne. Shi dattijon garejin in yaga haka sai yace wannan irin mai babbar riga ne ba ko sisi a aljihu.

Batir iri biyu ne a kasuwa, mai ruwa wanda ake gani ta jikinsa da murafe 6 a sama, da kuma rufaffe baƙi wanda ake cewa busasshe. Rufaffen ba a buɗe shi ba a zuba masa komai, kar wani ya ɓalle maka murfin yace zai farfaɗo dashi. Mai ruwan kuma akwai layi biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa, ruwan ya zama tsakaninsu a kowane gida. Bayan zafin bazara sau da yawa zaka tarar ya ja ƙasa har kan farantan ya fito. Nan ne ake kashe batura da yawa, sai kaji ance a ƙara masa asid. Ruwa ne kaɗai ke tashi ya bi iska, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba, in ka ƙara wani ya yi masa yawa ya cinye farantan. Ruwan batir ake zubawa, wato tataccen ruwan da aka turara wanda ba gishiri ko ƙarfe a cikinsa, masu kayan mashin na sayarwa a 'yar gora, ka tabbatar ka ce musu ruwa kake so ba asid ba don dukkansu ruwan batir ake ce musu. Ruwan rijiya, na burtsatse, har fiya wata, duk akwai ma'adinai a ciki, zasu rage masa kwana. Ka zuba da sirinji mara allura iya yadda zai rufe farantan, in an gama caji sai ka cika zuwa layin sama, don ruwan na ɗagowa in ana caji. Asid in ya taɓa riga sai ya huda ta, in ya fantsama a ido kayi ta kwarara ruwa mai tsafta na tsawon lokaci sannan a wuce asibiti, ba a jira.

Caji shine inda nake son a fi kula. Batirin mashin ƙarami ne, duba jikinsa zaka ga an rubuta 5Ah ko 7Ah, na masu kik zalla ma wani 2.5 ne. Ƙa'idar ita ce a bashi kashi ɗaya cikin goma na wannan lambar, wato mai 5 a bashi rabin amfiya (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke shiga), mai 7 a bashi 0.7, ya kwana a kai kamar awa 10 zuwa 12. To masu cajin batirin mota a bakin kasuwa injinsu na tura amfiya 10 ko fiye, in basu rage ba cikin awa ɗaya batirinka ya ɗau zafi ya tafasa farantan su lanƙwashe, ya baka shi da ɗumi yace ya cika, kwana uku ya mutu. Ka faɗa masa da bakinka, maigida a sa min a mafi ƙanƙanta ba sauri nake ba gobe na dawo. Ka cire batirin daga jikin mashin, in mai ruwa ne a sassauta murafen, a fili mai iska, ba taba ba ashana ba kusa da murhu ba, domin iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta har ta fasa batir. In ka taɓa kaji yayi zafin da hannu baya jurewa a cire ya huce. Masu sola a gida kuma, kar ka jona faranti kai tsaye, farantin da ake ce wa mai 12 in rana ta take yana haura bolt 18, sai dai ta cikin kwantirola, wato na'urar sola mai daidaita caji, kuma ko ta kwantirolar ma ƙaramin faranti ya fi dacewa ba irin manyan da ake jan ruwa dasu ba.

An gama caji kar ka auna nan take, zai nuna maka 13 da wani abu ka ɗauka ya warke. Barshi ya huta awa biyu, in da hali ya kwana. In da safe yana 12.6 ko kusa, kuma ya jure sitata, ka ci riba. In ya zame zuwa 12.1 ko 11 da wani abu ba tare da an haɗa shi da komai ba, ƙanzon nan ya riga ya kama shi.

In kuma sauri kake, ace ranar Alhamis ce kana son ka cimma kasuwar Maigatari, ai ga kik nan. Yawancin mashinanmu wutar fulogi daga kwayil take zuwa, ko batir ya mutu murus kik zai tada su, amma akwai waɗanda akwatinsu mai ba fulogi wuta daga batir yake sha, irin waɗannan in batir ya sauka sosai ko ka karya ƙafa bazasu tashi ba. Turawa ma tana yi, ka sa giya ta biyu ba ta ɗaya ba, ka kama kuloci yara su tura, in ya ɗau gudu ka saki kana danna nauyinka a kujera, a kan ƙasa mai tauri don a yashi taya ja kawai zata yi. Jona wa daga wani mashin ko mota shima ya halatta tunda duk 12 ne, ja da ja, baƙar kuma ka kama ta a jikin ƙarfen injin naka nesa da batir da kafireta, amma motar a kashe take, kar a tada ta, kuma yana kamawa ka cire. Abin da bana so shine a cire batir gaba ɗaya ayi ta yawo a haka, batir ne ke shanye hawa da saukar wuta, in babu shi sai kaga ƙwan fitila na ta ƙonewa, wataran har rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da inji ke tura wa batir.

Sai wancan da yake juyawa amma ya ƙi kamawa. Fetur in ya daɗe mai ƙarfin cikinsa yana tashi, ragowar ya zama kamar ƙaro ya toshe ƙananan hudojin kafireta, in ka shinshina tanki zakaji warin ya canza kamar na fenti. Akwai ɗan sukuru a gindin kafireta, sassauta shi tsohon man ya tsiyaye, ka ɗaure, ka juye na tanki ka zuba sabo ko lita ɗaya ce, na san tun da aka cire tallafi a watan 5 na 2023 zubar da mai sai an daure, to ka ajiye tsohon don wanke sarƙa. Buɗe makullin mai, in man kaɗan ne ka mayar rizab, ka ja cok. Kwance fulogi ka goge baƙin, ka mayar masa hularsa ka ɗora gindinsa a jikin inji ka buga kik, shuɗin tartsatsi mai ƙarfi kake nema, in ja ne mai rauni ko babu canza fulogin ka gani. Leƙa bakin salansa kuma, zanzaro na son yin ginin laka a ciki.

To alhamdulillahi ya tashi, saura abu ɗaya da kusan kowa ke tsallakewa. Mayar da mita kan batir inji na aiki, ka ɗan murɗa totur. Ya kamata kaga ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ta tsaya a 12 da wani abu bata motsi, mashin baya cajin batir, ko rektifaya ko kwayil ko soket ɗinsu ya ci tsatsa, kaga ko sabo ka saya sati biyu zaka dawo kana zagin mai shago. In ta wuce 15 kuma rektifaya ce ta lalace tana dafa batir, alamarta ruwa na yawan ƙafewa ƙwai na yawan ƙonewa. Don gano ɓarawon cikin gida, kashe makulli ka cire baƙar waya, ka sa ƙaramin ƙwai irin na wutar furi tsakanin wayar da kan batir, in ya kawo haske ko dishi-dishi ne to wani abu na sha, kayi ta cire kayan kwalliyar ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. Barin mashin a silo minti biyar a ƙofar gida baya cika batir, hau shi kayi tafiyar rabin awa ko fiye, ka kai Ringim ka dawo.

In dai ta tabbata sai sabo, tafi da tsohon a hannu ko ka ɗauki hoton lambar jikinsa, irin 12N5-3B ko 12N7-4B, domin girman da kuma gefen da ja take duk suna bambanta, wayar mashin gajera ce bata kaiwa ɗaya gefen. Mai ruwa in sabo ne a bushe yake zuwa, a gabanka za a zuba masa asid, wannan ne kaɗai lokacin da asid ke shiga batir, a barshi ya tsuma kamar awa ɗaya, in an samu a ɗan yi masa caji kafin a ɗaura ya fi daɗewa. A cire 'yar hular da ta toshe hancinsa na gefe a sa siririn tiyon numfashi, a saukar dashi ƙasa nesa da sarƙa. Tsohon kuma ka sayar wa 'yan gwangwan ko ka bar wa mai shago a rage maka kuɗi, kar ka yar a bayan gida yara su fasa suna wasa da dalmar ko akuya ta lasa. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, tasu daga dutsen zinare ta fito amma dalmar dai ita ce.

Bana in zaka sake tafiya, ka cika batirin da caji kafin ka ajiye, ka cire baƙar waya ko ka ciro shi gaba ɗaya ka ajiye a ɗakin ƙasa mai sanyi inda yara basa kaiwa, ka bar wa wani amana ya riƙa kai shi caji sau ɗaya a wata. Wannan ya fi abin da ake yi na cewa ƙani ya riƙa tada shi kullum da safe minti biyu, sitata na ɗiban wutar da minti biyu bazai mayar ba, ƙarshenta shi zai ƙarasa batirin, in ma bai ɗauke mashin ɗin ya tafi zance ba. Rufe makullin mai ka bar inji yayi ta aiki har ya mutu da kansa don kafireta ta bushe, ka kafe shi a sitan na tsakiya nesa da buhunan hatsi, ka toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro. Sai dai ka ɗaura wani jan ƙyalle a hannun totur don ya tuna maka, shekarar da na fara yin wannan dabarar na dawo na wanke kan batir na auna na canza mai na goge fulogi, na kusa rabin awa ina buga kik yana tari yana mutuwa, sai ƙaramar 'yata da ke tsugune a baya tace Baba wannan tsumman na ciki fa, a barshi?